Mutum na Goma a Falon Madam Rut

Ranar da na fara aikin nan na raba faɗan da ba faɗa ba ne. Ina da shekara goma sha biyar, aka ba ni tire na kai shayi zauren karatu, na tarar da tsofaffi biyu sun sa wani ƙaton littafi a tsakiya, ɗaya yana dukan tebur, ɗayan yana nuna shi da yatsa har yatsan na neman shiga hancinsa. Jijiyar wuyan kowannensu ta kai igiyar guga kauri. Ni kuwa ɗan gidan tarbiyya, na ajiye tire, na shiga tsakani na ware hannuwa, na ce su dubi girman Allah su yi haƙuri, duniya ba matabbata ba ce. Tsohon da ke dukan tebur, wanda daga baya na san shi da Baba Moris, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in matsa, na tare masa abokin gaba. Sai ga Kawu Yohanna, maigidana a aikin, ya jawo ni ta ƙeyar riga har kicin, ya ce da ni da Hausarsa ta Filato, "Kai, karatu suke yi. Wanda ka ga ya yi shiru shi za ka je ka duba, wataƙila ba shi da lafiya."

Ku nake ba labarin nan, samarin Largo, don na ji abin da ake faɗa tun da aka ce zan tafi jami'a, Kawu zai nemi wani a madadina. An gaya mini Faruk ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ai jera kujeru ne kawai, ko ƙanwarsa za ta iya. Faruk fa, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga abin da ya fi wayarsa nauyi ba. To ku matso. Zan gaya muku yadda aikin yake, da shekarar da Baba Moris ya nemi mutum goma don ya yi wa matarsa addu'a, doka kuma ta ce takwas kaɗai za su zauna a ɗaki.

Wurin cibiyar karatu ce ta Yahudawa, a nan Amurka, can arewa da babban birni ta ɓangaren jihar Maryland. Ummana nas ce a asibitin Largo, matar Kawu Yohanna ma a nan take aiki, ta nan aka haɗa ni da shi, don Umma ta gaji da ganina a kwance duk Lahadi ina cinye abincin da ta dafa na sati guda. Kawu shi ke da kwangilar shirya wurin zama da shayi da ɗaukar littattafai, tun kafin a haife ni yake yi. Karatunsu bibbiyu ake yi, suna kiran abin habruta. Mutum biyu su zauna fuska da fuska, shafi ɗaya a gabansu, wannan ya ce ga abin da malaman farko suke nufi, wancan ya ce sam, su yi ta yi har shayi ya huce. In sun tashi su rungumi juna su tambayi lafiyar jikoki. A Islamiyyarmu in ka ce wa malam ba haka ba ne, sai dai ka ƙarasa bayanin a gida gaban Abbanka. A can kuwa wanda bai musa ba shi ne malalaci.

To yanzu, Faruk, zo ka jera wa mutanen da musu ya kawo su kujeru. In ka matsa tebur kusa da tebur, hayaniyar waɗancan ta haɗiye ta waɗannan, kowa ya koma gida bai ji zagin da aka yi masa ba. In ka nesanta su da yawa, kowane biyu su ji kamar su kaɗai ne a duniya, su fara magana a hankali, karatu ya mutu. Kawu yakan ce hayaniyar maƙwabci ita ce wutar da ke sa tukunya tafasa. Ba ya awo da tef. Yakan zaunar da ni a tebur ɗaya in yi ta ihun sunayen tashoshin jirgin ƙasa na Metro, shi ya zauna a na gaba ya rufe ido. In ya ji "Largo" sarai, teburin ya yi kusa. In bai ji komai ba, ya yi nisa. Abin da ake so ya ji ana ihu amma bai san me ake cewa ba. Rabin shekara na yi ina wannan haukan kafin ya bar ni in ja tebur da kaina.

Bayan tebur sai mutanen. Baba Moris kunnensa na hagu ya yi ritaya tuntuni, don haka abokin karatunsa, Baba Len, dole ya karkato ta dama, in ba haka ba ya yi ta kawo hujja bango na saurare. Madam Rut, wata tsohuwa da ta koyar da lissafi har ta gaji, gwiwarta ba ta yarda da kujerar da ba hannu, kuma tana bukatar kusa da banɗaki, amma in ta gane ka sa ta kusa da banɗaki ka shiga uku. Sai ka ce mata wurin ya fi haske. Akwai mai jin sanyi ko a tsakiyar zafin watan Yuli, akwai wanda in ya zauna kusa da biskit ba mai samun biskit. Duk wannan a kai ake riƙewa, a wurin da ku kuke ajiye sakamakon ƙwallo.

Kayan aikinmu ba su da kyan gani. Amalanke mai ƙafa biyu, ɗaya tana kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Tsofaffin ƙwallayen tanis da muke tsagawa mu sa wa ƙafafun kujeru, don kada su karce daɓen katako. Tankin ruwan zafi da Kawu ke kira Hajiya, don ba a gaggauta ta, in ta ga dama ta tafasa. Sai tef ja da tef shuɗi, waɗanda suka fi komai muhimmanci. Su ba sa haɗa nama da madara, ba a ciki kaɗai ba, har a cokali da faranti da soson wanke-wanke. Ja na nama, shuɗi na madara. Ka sa cokali mai jan tef a kofin madara, Madam Rut za ta dube ka kamar ka tuƙa mota ka bi ta kan jikanta. Biskit sai ka duba tambarin halascinsu a jikin leda kafin ka saya. Littafi ba ya taɓa ƙasa, in ya faɗi a ɗauka a sumbace shi, kuma daga dama yake buɗewa kamar namu. Takardar karatu da aka gama da ita ba ta shiga shara, akwai kwalin da ake tarawa a kai a binne, don sunan Ubangiji na ciki. Wannan kam ban sha wahalar koyo ba, Umma ta riga ta koya mini da bayan ludayi.

Wata Asabar aka kira mu aiki na musamman. Masu riƙo da addini cikinsu ba sa kunna wuta ko kashewa ranar Asabar, kuma ba sa cewa kai tsaye kai ka kunna musu. Sai dai ka ji tsohuwa ta dubi silin ta ce ɗakin nan fa akwai duhu. Wani yaro Ba'amurke da aka ɗauka kafin ni an ce amsa mata ya yi da cewa ƙwarai kuwa, ya ci gaba da danna waya. Ni da na tashi a gidan da in Umma ta ce "yau kwanukan nan sun yi yawa" ma'anarsa ka riga ka makara, ko ƙarasa maganar ba ta yi ba na kai hannu bango. Ku da sai an kira sunanku sau uku an haɗa da na kakanku, ban san yadda za ku yi ba.

A shekarun farko duk Lahadi da rana a babban zaure ake taruwa. In an gama karatu, wani lokaci sai ka ga mutum ɗaya ya miƙe, kowa ya miƙe tare da shi, ya karanta wata addu'a da suke kira Kadish, ana amsa masa da amin. Addu'ar da ake yi ce don tunawa da mamaci, kuma ba ta yiwuwa sai Yahudawa baligai goma sun hallara a ɗaki ɗaya. A wasu wuraren maza kaɗai ake ƙirgawa, mutanen cibiyarmu har da mata, wannan rigimar tasu ce, ba ta kujera ba. Baba Moris sau ɗaya yake miƙewa ya karanta ta a shekara, cikin hunturu, Lahadin da ta dace da zagayowar rasuwar matarsa Ester. Ita ma 'yar zauren ce a da, an ce ita ke kawo kek, kuma ita kaɗai ta taɓa kayar da shi a musu ya yarda. Ya daina tuƙi, ya kuma yi rantsuwa tun tuni ba zai sake shiga wurin ibadar unguwarsu ba, saboda wata rigima da malamin wurin da ko shi ya manta farkonta. Ya ce baƙi ba za su amsa wa Ester amin ba. Waɗanda suka ci kek ɗinta su za su amsa.

Sai shekarar wahala ta zo, ta zo kuma da jaka a goye da keke mai naɗewa. Sunansa Daniyel, sabon darakta, saurayi mai fara'a, irin mutanen da in sun ce maka sannu sai ka ji kamar za su sayar maka da wani abu. Gaskiya zauren yana ta raguwa, tsofaffi na mutuwa, matasa ba sa zuwa, wannan ba wanda ya musa. Daniyel ya tara mu ya ce za a sake fasalin rayuwar Yahudawa daga tushe. Ni ina tsaye da amalanke ina tunanin ko tushen yana da nauyi, don na san ni zan ɗauka. Ya ce an rufe babban zaure. Daga yanzu ƙananan ƙungiyoyi za a yi a falon mutane, da shagon kofi, da duk inda rayuwa take. Kowace ƙungiya kada ta wuce mutum takwas, don in an wuce takwas wani zai ɓuya a bayan wani ya yi shiru. Takwas ɗin nan ita ce kalmar shahadarsa. Har a rigar da ya buga mana an rubuta ta.

Abu na farko da ya sayo wasu buhuna ne masu laushi da ake zubewa a kai maimakon kujera, wai su sa mutum ya saki jiki. Baba Len ya saki jiki, jikin kuma ya ƙi dawowa. Ni da Kawu muka kama shi hannu bibbiyu muna ja kamar masu fito da saniya daga rijiya, shi kuma yana ta ci gaba da kawo hujja daga ƙasa. A nan bayan Kawu ya ce ƙas. Aka zo da ƙananan takardu masu launi da ake mannawa a bango kowa ya rubuta yadda yake ji, ni nake ɓanɓarewa, su tafi da fentin masu gida. Aka yi karatu a shagon gyaran keke, littafi ya sha baƙin mai. Aka yi a bakin kogi, iska ta kwashe takardu masu sunan Ubangiji, na bi su da gudu cikin ciyawa ina haki, agwagi na kallona. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Ni abin da na gani a ƙasa kujeru ne, a gida goma sha wani abu, daga Rockville har Springfield, ɗaya ma a Manassas, inda in ka tafi sai ka yi wa iyayenka sallama sosai.

Kafin hunturu aka yi wa Kawu aikin baya, likita ya ce ya kwanta. Na riga na sami lasisi, sai ya miƙa mini makullin tsohuwar motarsa ta kaya, ya ce kada in wuce kowa a hanya, ko mai tafiya a ƙasa. Duk Lahadi in fita daga Largo da wuri, don in ranar wasan ƙwallo ce hanyar unguwarmu takan cushe har ka haddace lambar motar gabanka. In sauke kujeru da littattafai da ƙaramin tanki a wannan gida, in ruga wancan, in dawo in kwashe. Abin haushin shi ne dabarar Daniyel ta fara ci. Matasa suka fara zuwa, masu huda a hanci da masu jarirai a goye, suna musu kamar an biya su. Tsofaffin ne aka warwatsa kamar gero a tsakar gida, kowa aka jefa shi ƙungiyar da ta fi kusa da gidansa. Baba Moris ya faɗa ta Springfield, a falon Madam Rut, tare da Baba Len. Sunansu takwas, amma in sanyi ya yi, biyar ke zuwa.

Wata Lahadi ina ɗora wa Baba Moris littafi a tebur, ya ce da ni, "Farfesan kujeru, falon nan zai ɗauki goma?" Na ce zai ɗauka in an fitar da teburin furanni. Ya ce shi dai tambaya ya yi, ya buɗe littafinsa. Madam Rut ce ta bi ni kicin ta ce Lahadi mai zuwa ranar Ester ce, kuma tsohon nan ko za a yanka shi ba zai roƙi Daniyel ba.

Ni na roƙa. Daniyel ya saurare ni da kyau, har da dafa ƙirji. Ya ce zai biya wa Baba Moris tasi zuwa kowane wurin ibada yake so. Na ce ba zai je ba. Ya ce to za a ɗora kwamfuta a tebur, mutane daga sauran ƙungiyoyi su leƙo ta bidiyo su cika goma, wannan ma ai sabon salo ne mai kyau. Amma haɗa ƙungiya biyu a ɗaki ɗaya ba zai yiwu ba, in ya yi wa ɗaya sai kowa ya nema, a koma gidan jiya, ga shi masu ba da tallafi sun zuba ido. Na kai wa Baba Moris saƙon kwamfuta ta waya. Ya ce in gaya wa yaron nan gilashi ba ya cewa amin.

Daren Asabar bai yi ba na je gaida Kawu. Yana kwance a ƙasa a kan katifa, matarsa ta hana shi ko tari mai ƙarfi. Na ce masa akwai wata ƙungiyar matasa a Springfield ɗin, a gidan wata mai suna Maya, tafiyar 'yan mintoci daga gidan Madam Rut, kuma ni zan kai musu kaya. Na ce ina tunanin abin da zai faru in kayansu suka maƙale a gidan Madam Rut. Kawu ya dubi silin. Ya ce, "Ɗana, ni ban ji komai ba, maganin nan yana toshe kunne." Can ya ƙara da cewa motar dai tsohuwa ce, kowa ya sani.

Ranar Lahadi na sauke komai a gidan Madam Rut, na fitar da teburin furanni, na sa wa kujeru takalmansu na tanis, na jera su bibbiyu yadda hayaniya za ta yi daidai a falo mai kafet a tsakiya da katako a gefe, don kafet yana shan murya, sai an matso da tebur fiye da na zaure. Sannan na kira Maya na ce mota ta mutu a ƙofar wata tsohuwa, littattafansu da shayinsu duk suna nan, in ba damuwa su taho nan a yi. Na sa muryar maraya. Ta ce ayya, ba komai, suna zuwa. Na san su bakwai ne a ƙungiyar, na ce ko mutum biyu sun yi lalaci an cika goma.

Huɗu suka zo. Ɗaya mura, ɗaya ya tafi ganin iyayensa, ɗaya kuma wai yana neman kansa a wani dutse. A ɓangaren tsofaffi biyar. Aka zauna karatu, na haɗa kowane tsoho da matashi, Baba Moris ya sami wani mai gashi har kafaɗa ya fara gasa shi. Falon ya ɗau zafi yadda ake so. Ni ina tagar kicin ina leƙen titi, ko Allah zai jefo wani. Rana ta hunturu ba ta da kunya, tun ana la'asar ta fara haɗa kayanta, kuma in ta faɗi ranar Ester ta wuce, don su yininsu da faɗuwar rana yake ƙarewa.

Da aka rufe littattafai Baba Moris ya fara ƙirga. Su ba sa ƙirga mutane da ɗaya, biyu, uku, suna ganin ba kyau. Akwai wata aya mai kalma goma, sai a bi mutane da yatsa, kowa a ba shi kalma ɗaya. Ya bi su har ya zo kan kansa, kalma ɗaya ta rage a bakinsa ba mai karɓa. Ya sake farawa daga ɗaya gefen, kamar wani zai tsiro daga bayan labule. Matasan suka fara kiran abokai a waya, wannan yana Baltimore, wancan bai ɗauka ba. Madam Rut ta buga wa wani maƙwabcinta Bayahude, aka ce ya tafi asibiti. Na fito daga kicin na ce ga ni, ai ni ma jikan Annabi Ibrahim ne. Baba Moris ya ce, "Ta ɗaya ɗakin, Farfesa. Kai ka kawo kujera, ba ka cika ta." Ya fara naɗe ɗan mayafin addu'ar da ya fito da shi.

Na san Daniyel yana Alexandria, garin da ba shi da nisa da Springfield, a ranar, yana shan kofi da masu ba da tallafi. In na kira na ce ya taimaka ya zo, zai dafa ƙirji ta waya ya ce a kunna kwamfuta. Roƙo a hankali yake tafiya, fushi kuwa ba ya tsayawa a danja. Na fita waje na kira shi, na ce ina so ya sani na haɗa ƙungiya biyu a falo ɗaya, motar lafiyarta ƙalau, ƙarya na yi wa Maya, kuma ina ganin mako mai zuwa zan haɗa uku. Ya ce kada in motsa daga inda nake. Na ce ina zan je, ai mota ta mutu.

Na koma na ce wa Madam Rut ta riƙe mutane. Ta fito da wani kek da ya kwana biyu a firij, ta tsaya a bakin ƙofa da wuƙar yankawa, ba wanda ya yi gigin neman jakarsa. Baba Len ya tayar da sabon musu don a ci lokaci. Hasken taga ya koma ja.

Ko ƙararrawa Daniyel bai danna ba. Ya turo ƙofa da rigar sanyi a jikinsa, fuska kamar gauta, ya buɗe baki ya ce, "Mubarak, wa ya ba ka..." Baba Moris ya nuna shi da yatsa, ya faɗi kalmar da ta rage, ya dafa tebur ya miƙe. Kowa ya miƙe. Ya fara karantawa da muryar da ban san shi da ita ba, ƙasa-ƙasa, ba irin ta dukan tebur ba. Daniyel ya tsaya da bakinsa a buɗe, ya dubi mutanen, ya dube ni. Sai ya laluba aljihu ya fito da 'yar hularsu ya ɗora a ka, inda ake amsawa ya amsa tare da kowa. Addu'ar da na yi wa wannan duk wahalar ko tafasar Hajiya ba ta kai tsawo ba. Ni ina bakin kicin riƙe da tire har aka gama.

A waje, kusa da motar da ta tashi da bugu ɗaya, Daniyel ya ce ya gane abin da na yi, kuma ba zai ce bai ji daɗin amsawa ba. Amma na yi wa Maya, mai gida, ƙarya da sunan cibiya, shi kuma ba zai iya aika mutumin da ke yi wa masu gida ƙarya cikin gidajensu ba. Ban musa ba, ko da yake a wurin na koyi musu. Baba Moris ya fito Baba Len na riƙe da shi, ya tsaya a gabana, na gyara tsayuwa ina jiran godiya. Ya ce shayin yau ya yi sanyi, in gaya wa Yohanna.

To Faruk, ga aikin da ƙanwarka za ta iya. An dakatar da ni daga shiga gidaje har bazara, aka ɗauko wani kamfani da ya karce wa Madam Rut daɓe a makon farko, ni kuma ina sito ina tsaga ƙwallayen tanis, sai da Kawu ya miƙe ya dawo da ni. Dokar takwas tana nan har yau, ƙungiyoyin ma sun ƙaru. Kafin hunturu ya zagayo, 'yar Baba Moris ta zo ta ɗauke shi zuwa wurinta a Ohio, kuma Kadish ɗin da ya yi a falon Madam Rut shi ne na ƙarshe da waɗanda suka san Ester suka amsa masa.